Tairod biyu, laifi uku: yadda aka raba rigimar garanti a kan wata Golf ta haya a Birnin Kebbi

Motar Golf 3 ce wagon, cikin waɗanda Volkswagen ya ƙera tsakanin 1993 da 1999, mai fawa sitiyari. Aikinta jigilar fasinja daga Birnin Kebbi zuwa Yawuri, ta Jega da Maiyama da Koko. Direban ba shi ne mai ita ba, balas yake kai wa maigidansa, ƙananan gyare-gyare kuma daga aljihunsa suke fita. Gab da faɗuwar damina aka canza mata kan tairod biyu, hagu da dama, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Ba a cika wata biyu ba ƙarar da aka yi gyaran dominta ta dawo, sitiyari ya karkace, tayar gaba ta hagu kuma ta cinye ta ciki har waya ta fara leƙowa.

Direba ya ce jabu aka sayar masa. Mai shago ya ce makanike ne ya ɓata ɗauri. Makanike ya ce lodi ne da ramuka. Irin wannan magana kullum ana yin ta a gareji, kuma yawanci da rantse-rantse take ƙarewa: direba ya sake sayen kaya da kuɗinsa, ya sauya shago, ya sauya makanike. Wannan karon ba haka ta ƙare ba, domin an kwance kayan a gaban mutum ukun, aka duba kowane ƙarfe shi kaɗai kafin a yi maganar wanda zai biya.

Aikin tairod da abin da ke kashe shi

Sitiyarin Golf, kamar na yawancin ƙananan motoci, rak ne: doguwar sanda mai haƙora da ke zamewa hagu da dama idan an murɗa kambu. Tairod ne ke ɗaukar wannan motsi ya kai wa taya. Kowane gefe kashi biyu ne. Na ciki shi ne rak-en, ɗaure a bakin rak, ɓoye cikin doguwar roba mai nannaɗe. Na waje shi ne kan tairod, ana murɗa shi a tiredin rak-en a kulle da noti, ƙusarsa mai tsukewa kuma ta shiga ramin nokul, ƙarfen da ke riƙe da hob da taya. Dukkansu ƙwallon ƙarfe ne zaune a gurbi, kamar kan ƙashin kafaɗa, da shimfiɗar filastik mai tauri tsakanin ƙwallon da gurbin, da giris, da roba mai hana ruwa da yashi shiga.

Wannan 'yar roba ita ce ran kan tairod. Muddin tana lafiya, kaya mai kyau yana yin shekaru ko a hanyar da ba ta da daɗi. Ranar da ta yage, ruwa zai wanke giris, yashi ya gauraya da ragowarsa, ya riƙa goge ƙwallo da shimfiɗa duk lokacin da aka murɗa sitiyari. A damina makonni kaɗan sun isa. Ƙarshen abin kuwa ba ƙara ba ce kawai. Idan ƙwallon ya fice daga gurbinsa mota na gudu, wannan tayar ta rabu da sitiyari ke nan, za ta juya inda ta ga dama, kambun da ke hannun direba ba shi da sauran iko a kanta. Motar da ke cike da fasinja a kan hanyar Koko, ga manyan motoci na tahowa, ba ta da wurin yin wannan kuskure. Shi ya sa rigimar tairod ta fi ƙarfin a ce ƙaramin kuɗi ne, a bar wa Allah.

Gyaran farko

Ƙorafin direba tun asali shi ne ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba idan an hau gargada, da sitiyari mai wasa, sai an murɗa kambu kamar faɗin yatsu biyu kafin taya ta amsa. Makanike ya ɗaga motar, ya girgiza taya, ya ji wasa, ya ce tairod ne. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta, domin bai sa hannu a kan doguwar robar ya ji ko na ciki ma yana motsi ba.

A shago an fito wa direba da iri biyu. Na biyun bai kai rabin kuɗin na farko ba, ko da yake shi ma kwalinsa yana ɗauke da sunan kamfani sananne. Shi ya ɗauka. Da ya tambayi garanti, amsar da ya samu ita ce, "Ɗauka kawai, in ya ba ka matsala ina nan." Babu rasit, ba a faɗi wata nawa ba, ba a faɗi wace irin matsala ba. Ya biya ta POS ya wuce.

Ɗaurin kuma yaron makanike aka bar wa. Kan tairod na Golf 3 yana da lanƙwasa, na hagu daban, na dama daban. Yaron ya fara sa ɗaya a gefen da ba nasa ba, ya ɗaure, sannan ya lura. Fitar da ƙusar da ta riga ta kama ramin nokul sai da abin cirewa na musamman, shi kuwa guduma da ƙarfen ɓalle taya ya samu. Ya doke kan ƙusar har tiredin sama ya baje, sabon noti ya ƙi shiga, sai ya mayar da tsohon, wanda ya riga ya saki. Da aka gama, makaniken ya daidaita tayoyin da igiya da ido, ya ce wa direba ya je a yi masa alaimen, wato saita tayoyi da na'ura. Direba ya ce sai ya yi lodi biyu ya samu kuɗi. Bai je ba.

Binciken da aka yi

Da direba ya koma shago, maganar ba ta yi tsawo ba. "Alhaji, wanga kaya da munka ɗauka wurinka ko wata biyu bai yi ba." Mai shago ya ce, "Malam, ni ban ƙera shi ba, kuma kayan da anka ɗaura ba a maido shi." Daga nan aka kai magana gun dattawan ƙungiyar makanikai, suka sa wani tsohon mai gyaran ƙafar mota, wanda duka ukun suka yarda da shi, ya duba motar.

Abu na farko da ya yi shi ne hana kowa taɓa sifana. Duk shaidar da za a samu tana jikin motar ne kafin a kwance, da zarar an kwance rabinta ya tafi. An fara auna bakin tayoyin gaba: tazarar gaban rim ta fi ta bayansa da kusan milimita 6, wato tayoyin sun buɗe baki waje. Golf 3 kuwa kusan sifili ake so. Mutane suna raina wannan lissafi. A kan rim mai inci 14, kuskuren milimita 3 kawai yana sa kowace taya ta riƙa jan jiki a kaikaice kusan mita 4 a duk kilomita ɗaya. Milimita 6 ninki biyu ke nan, a motar da ke zuwa Yawuri ta dawo. Buɗewa waje tana cin taya ta ciki, tsukewa ciki tana cin ta waje. Duka tayoyin biyu ta ciki suka ci, in ka shafa tafin hannu a kansu za ka ji kaifi ta gefe ɗaya, santsi ta ɗaya gefen. Ta hagu ce dai ta fi muni.

Sai aka ɗaga motar aka sa mata abin tokare, ba a bar ta a kan jak kaɗai ba. Aka riƙe taya sama da ƙasa aka girgiza: shiru, ke nan boljoyin, ƙwallon da ke riƙe nokul daga ƙasa, da boris ɗin taya ba su da laifi. Aka riƙe ta gefe da gefe aka girgiza: duka biyun suna wasa. A nan ne ake rarrabewa. Mutum ɗaya yana girgizawa, ɗaya ya dafe kan tairod da nokul da hannu ɗaya, sannan ya matse doguwar robar har ya ji ƙwallon rak-en a cikin tafinsa. A dama, wasan duk a kan tairod yake, na ciki lafiya lau. A hagu wuri uku ne ke motsi: ƙwallon kan tairod, ƙusarsa a cikin ramin nokul, da rak-en. An ɗauki bidiyon duk wannan da waya, mai shago na tsaye.

Aka kwance aka jera a kan benci. Na hagu bai buƙaci dogon nazari ba. Robarsa ta tsage a gefe guda, tsagar mai tsabta, bakinta a murƙushe, ba irin tsattsagewar tsufa ko ta zafin rana ba. Daidai wurin akwai shatar ƙarfe a jikin gurbin, kan ƙusar kuma a baje. Da aka ɗaga robar, abin da ke ciki ba giris ba ne, taɓo ne ja mai tsatsa, yana gurzar yatsa. Notin tsoho ne, zoben filastik ɗin da ke kulle shi ya mutu, da yatsu ma ana iya juya shi. Jikin ƙusar ya yi sheƙi inda ya riƙa gogar ramin nokul. An yi sa'a ramin bai faɗaɗa ba. Da an ƙara 'yan makonni a haka, da sai an sayi nokul.

Na dama shi ne ya ɗauki lokaci. Robarsa lafiya, zoben da ke riƙe ta yana wurinsa, babu shatar guduma, noti sabo ne kuma a ɗaure. Giris ɗin ciki mai tsabta, ba ruwa ba yashi. Amma ƙusar tana lilo da kanta, in aka matse da babbar filaya sai ƙwallon ya nutse ya taso. Sabon kan tairod da ƙyar hannu ke iya lanƙwasa ƙusarsa, kuma bai kamata ya yi motsin sama da ƙasa da hannu ba ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. Mai binciken ya nemi izinin mai shago kafin ya yanke murfin ƙasan gurbin, kuma wannan neman izini ba ladabi kawai ba ne: kayan da aka yanka ba tare da sanin mai sayarwa ba, yana da hujjar ƙin karɓa, kamfanonin da ke ba da garanti a rubuce ma haka suke yi. Da aka buɗe, shimfiɗar filastik ɗin siririya ce, ta rabe biyu. Giris ɗin da aka sa bai wuce a lakata da kan yatsa ba. Ƙwallon da ya kamata ya yi sumul yana ɗaukar ido, da zanen injin sassaƙa a jikinsa, farce na kama shi. Wannan aibi ne daga masana'anta, ba daga gareji ko hanya ba.

Hujjar lodi da ramuka fa? Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ba ta yi bayanin wannan ƙarfen ba. Tairod ba ya ɗaukar nauyin mota, sifirin da shokazoba ke ɗauka, kuma a wagon yawancin lodin baya yake zama. Abin da lodi ke yi shi ne ƙara ƙarfin bugun da ke zuwa daga taya idan an faɗa rami ko an taka birki da ƙarfi. Wannan yana rage kwanan kaya, amma sannu a hankali. Bugun da zai kashe kan tairod nan take yana barin alama: rim ya lotsa, taya ta yi ƙwai a gefe, sandar rak-en ta tanƙware. An mirgina sandar dama a kan benci, miƙe take. Rim ɗin ma ba lotsa.

Rak-en na hagu kuwa tsoho ne, wanda ya zo da motar ko kusa da haka, kuma ya gaji. Wani kaso na ƙarar farko daga gare shi take. Da aka zame doguwar robar, cikinta a bushe yake, babu man fawa, ke nan silin rak ɗin, robar da ke tsare man, bai fara yoyo ba, ba sai an taɓa rak ɗin kansa ba.

Garantin da ke akwai da wanda babu

Direba ya zo da tunanin cewa tunda kwali na ɗauke da sunan kamfani, kamfanin zai ɗauki nauyi. Gaskiya ne manyan masu ƙera kayan ƙafar mota suna ba da garanti. Febi na Jamus yana ba da shekara 3. Moog a Amurka yana ba da abin da suke kira garantin tsawon rai a kan kan tairod ɗinsa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ma ta ba mai saye shekara 2 a kan sabon kaya. Sai dai duk waɗannan a ɗaure suke da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan suna kama da juna: aibin ƙarfe ko na ƙira kawai ake ɗauka, ban da cinyewa ta yau da kullum, ban da ɓarnar ɗauri, ban da hatsari, ban da sa kaya a motar da ba tasa ba. Dole a nuna shaidar saye, a bi ta hannun wanda ya sayar. Galibi kayan kawai ake musanyawa, ba kuɗin aiki ba, ba alaimen ba, ba tayar da ta cinye ba. Da yawa kuma suna rage wa'adi ko su cire motar haya gaba ɗaya. Shi garantin tsawon rai ma na wanda ya fara saye ne, muddin motar na hannunsa.

Kayan da ke shagunan Birnin Kebbi da Jega ta hannu da yawa suke biyowa, daga mai shigowa da su zuwa dila a Legas ko Anacha ko Kano, sannan su iso nan. Ko kayan na gaske ne, takardar da za ta haɗa mai saye da kamfani takan yanke a hanya. Idan jabu ne kuwa, babu kamfanin da zai amsa sunansa. Sunayen da direbobi suka amince da su, irin su 555 na Japan da Lemförder da TRW, su ne masu jabu suka fi kwaikwaya, don su ne ake nema. A wannan lamarin kwalin ba shi da adireshi, ba lambar rukuni, rubutun jikin ƙarfen kuma fenti ne da ke gogewa da fetur. Maganar garantin kamfani ta mutu a nan.

Saura maganar baki ta mai shago, da abin da doka ta ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi garanti ko ba a rubuta ba. Sashe na 132 ya ce cikin wata 3 da karɓar kaya, idan ya kasa cika ingancin da ya kamata, mai saye zai iya mayar wa wanda ya sayar masa ba tare da tara ba, shi kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Wanda ya sayar doka ta kama, ba sai wanda ya ƙera ba, don haka "ni ban ƙera shi ba" ba mafita ba ce. Direban haya ma mai saye ne a idon dokar, tunda ba don ya sake sayarwa ya saya ba. Dokar ta kuma taɓo aikin hannu: wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi yadda mai hankali zai sa rai, in ba haka ba a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Dattawan da suka zauna ba da sashen doka suka yi magana ba. Sun tsaya ne a kan abin da kowane ɗan kasuwa a Kebbi ya sani daga fiƙihu, cewa wanda ya sayi kaya da ɓoyayyen aibi tun daga hannun mai sayarwa yana da zaɓin mayarwa. Hanyoyin biyu wuri ɗaya suka kai.

Ƙa'idar "kayan da aka ɗaura ba a dawo da shi" tana da inda take aiki. Wanda ya sayi abin da ba na motarsa ba, ya ɗaura, ya ƙuje shi, ba adalci ba ne ya jibge wa mai shago. Amma aibin kan tairod ba ya bayyana a cikin kwali. Sai an ɗaura an yi tafiya. A ce ba a karɓar wanda aka ɗaura daidai yake da a ce babu garanti sam, kuma in haka ne, a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Rashin rasit ya kusa kashe maganar. Abu biyu suka cece ta. Saƙon banki da ke wayar direba ya nuna rana da sunan shagon, ya tabbatar ana cikin wata 3. Sannan ɗaya daga cikin kwalayen bai ɓata ba, yaron makanike yana tara notuna a ciki. Aka kai shi shago aka jera da sauran da ke kan kanta: kwali ɗaya, rubutu ɗaya, ƙira ɗaya.

Yadda aka raba

Mai shago ya ɗauki na dama. Ya so ya ba da wani irinsa, direba ya ƙi, kuma yana da gaskiya, tunda daga rukuni ɗaya suka fito. Aka mayar masa da kuɗin guda ɗaya, ya cika ya sayi mai kyau.

Na hagu aka ɗora wa makanike: kuɗin kayan da sake aikin kyauta. Ya yi gardama cewa tunda na dama jabu ne, na hagu ma da zai mutu ko ba a yaga robarsa ba. Mai yiwuwa ne, amma ba a yanke hukunci da abin da zai faru, da abin da ya faru ake yankewa. Robar a hannun yaronsa ta yage, tsohon noti a garejinsa aka mayar. Aka dai sassauta masa: kuɗin mai arahar da ya lalata zai biya, ba na mai tsadar da za a saya yanzu ba.

Direba ya ɗauki rak-en, domin tsufa ne ya kashe shi, ba kowa ba. Ya ɗauki alaimen, wanda da ma yana wuyansa. Ya ɗauki tayoyi da kwanakin da bai yi lodi ba. Tayar ce ta fi ci masa rai, don ta fi kan tairod biyun tsada nesa ba kusa ba. A ganinmu an ɗan yi wa makanike sauƙi a nan. Da ya gano rak-en tun farko, da wasan gefen hagu bai kai haka ba, kuma ko direba ya je alaimen a ranar, ba zai zauna ba muddin na ciki na motsi. Amma direba da bakinsa ya amsa cewa an ce ya je bai je ba, kuma ya ga sitiyari a karkace tun makon farko ya ci gaba da lodi. Da wuya a samu mai sulhun da zai cire masa tayar.

Gyara na biyu

Kafin a sayi rak-en sai da aka leƙa jikin rak ɗin. Golf 3 mai fawa sitiyari ya zo da rak iri biyu, na ZF da na TRW, sunan yana jikin gidan rak, kuma rak-en da robar ɗaya ba lalle su dace da ɗayan ba. Cewa "na Golf 3" kawai a shago bai isa ba. Hanya mafi tabbas ita ce a tafi da tsohon a jera shi da sabon, a gwada tiredi da tsawo.

Tun ranar bincike, kafin a kwance, an yi alama a kan sanda, an auna daga tsakiyar ƙwallon kan tairod zuwa alamar. Ƙirga zagayen tiredi da makanikai suka saba yi yana aiki ne kawai idan sabon da tsohon tsawonsu ɗaya, kamfanoni kuwa suna bambanta da 'yan milimitoci. Zagaye ɗaya milimita 1.5 ne a sanda, amma a bakin rim ya fi ninki biyu. An ɗaure sabon rak-en a bakin rak an kulle shi, ana riƙe da rak ɗin kada ƙarfin murɗawa ya faɗa wa haƙoransa. An sa sabuwar doguwar roba da maɗaurin ƙarfe, ba igiyar roba ko waya ba, an tabbata ba ta murɗe ba. An goge ramin nokul da jikin ƙusa sun bushe. Ba a shafa giris a nan, domin tsukewar ƙarfe da ƙarfe ce ke riƙe su, giris kuma yana sa ƙusa ta shige fiye da kima. Idan ƙusa na juyawa tare da noti, a danna gurbin daga ƙasa har ta kama, ba a dokan ta.

Noti sabo, mai kulle kansa, an ɗaure shi 35 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Notin kulle sanda 50 Nm, ƙusoshin taya 110 Nm. Lamba ta farko tana ba mutane mamaki saboda ƙanƙantarta. Wanda ya saba ƙara bututu a sifana ya hau kai zai ninka ta sau uku bai sani ba, ya miƙar da tiredi. Motocin da notinsu mai tsaga ne da fin, irin Corolla, ƙa'idarsu daban: a ɗaure, in rami bai daidaita ba a ƙara gaba kaɗan, ba a sassautawa baya, kuma fin sabo ake sawa, ba ƙusar kafinta ba.

A ranar aka je alaimen, bayan an sa tayoyi masu kyau a gaba an daidaita iskarsu. An tsayar da kambu a tsakiya aka saita, sannan aka gwada murɗawa ƙarshe zuwa ƙarshe a ga zagayen hagu da na dama sun zo ɗaya. Aka ce direba ya dawo bayan mako guda a sake taɓa notuna a duba robobi.

Rasit ɗin wannan karon an rubuta masa rana, sunan kaya da kamfani da lambarsa, gefen da aka saya, lambar mota, da jimla ɗaya da mai shago ya sa wa hannu: wata 3, musanya ko mayar da kuɗi idan kayan ya yi wasa robarsa na lafiya. Wannan sharaɗi na roba ya kare kowa. Mai shago ba zai biya ɓarnar guduma ba, direba kuma ba sai ya yi rantsuwa ba, ƙarfen zai nuna. Takardar alaimen an haɗa ta da rasit, domin ita ce amsar farko idan aka ce ɗauri ne. Ga masu sayen Baljiyam, abin da ake ba su garantin gwaji ne na 'yan kwanaki, ya dace ko bai dace ba, ba alkawarin daɗewa ba. A kan tairod wannan bai wadatar ba sai in robar ba ta da ko tsaga ɗaya kuma ƙusar na da tauri a hannu.

Sauran kayan wancan rukuni da ke kan kanta, dattawa sun nemi mai shago ya sauke su. Ya yarda, bisa sharaɗin a bar masa yankakken kan tairod ɗin da bidiyon, ya aika wa dilansa tare da ragowar kwalayen a cire masa daga lissafi. An shaida masa cewa idan dila ya ƙi, shi ma yana da inda zai kai ƙara, hukumar SON mai kula da ingancin kaya, kuma abin da za a nema a can shi ne takardar sayen da ke tsakaninsa da dilan da samfurin kayan.